Tambaya da Amsa: A gida salihar yarinya, a waya kuma sai Allah ya kyauta

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara. 'Yata shekararta 15, yarinya ce da ko ido ba ta iya haɗawa da babanta, to shekaranjiya na ɗauki wayarta sai na ga ita da ƙawayenta sun sa wata 'yar ajinsu a gaba a guruf ɗin WhatsApp, sun mai da hotonta sitika suna ce mata bayan tukunya, kuma wallahi tawa ce ta fi kowa zaƙewa. Na kasa barci. Me ke sa yaro haka? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu. Ai kin faɗi amsar da bakinki, kunyar ido gare ta, waya kuma ba ta da ido. Da a fili ne ta ga hawayen yarinyar nan da tuni jikinta ya yi sanyi, amma a guruf ba abin da take gani sai alamar dariya, kowa ya turo sai ta ji kamar an ba ta sarauta. Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, John Suler, tun 2004 ya rubuta a kan wannan, yadda mutum ke sakin baki a intanet saboda ba a ganinsa kuma shi ma ba ya ganin wanda yake zagi.

Sai kuma tsoro, wanda iyaye ba mu cika lura da shi ba. A shekarunta ba abin da yaro ke gudu kamar a ware shi, sau da yawa mai zaƙewar nan so take kar gobe a juyo kanta, ƙila ma an taɓa juyowa ba ki sani ba. Ga shi sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki sai wajen shekara 25 yake gama nuna. Mu ma fa mun yi habaici a dandali, sai dai namu da an watse ya wuce, nasu ana sikirinshot.

Kar ki fara da duka ko fasa waya, aron ta ƙawa za ta yi. Ki zaunar da ita ku biyu, ki sa ta karanta miki abin da ta rubuta da ƙarfi, za ki ga ta kasa kaiwa ƙarshe. Sannan ki tambaye ta wa take tsoro a guruf ɗin. Haƙuri kuma ƙafa da ƙafa za ta je ta bayar, ke ki raka ta, ba ta waya ba.