Tambaya da Amsa: Neman Kujera a Ƙungiyar Lauyoyi Masu Kare Waɗanda Ake Tuhuma

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni lauya ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, haifaffen garin, kuma shekarata 9 ina tsaya wa waɗanda ake tuhuma a shari'un laifi. Mu masu wannan aiki muna da 'yar ƙungiya tamu a garin, wadda ba ita ce babbar ƙungiyar lauyoyin ƙasa ba, kuma wa'adin shugabanninta ya kusa cika. Wasu abokan aikina sun same ni da maganar in tsaya takarar shugaba, wasu kuma suka ce in nemi sakatare tukuna. Dattawan unguwarmu da labari ya iske su sun yi murna ƙwarai, suna cewa lokaci ya yi da Bahaushe zai hau irin wannan kujera, har sun fara zancen tara mini gudummawa. Ni kuwa hankalina ya rabu biyu, domin ina da iyali da ofishin da nake ci da shi, kuma na ga abin da ya sami wasu da suka riƙe irin wannan muƙami. Shin in tsaya ko in haƙura? In tsayawar ce, wace kujera zan nema, kuma da me zan roƙi ƙuri'ar mutanen da yawancinsu sun girme ni a aiki?

Daga wani lauya, Gadarif

AMSA

Wa alaikumus salam, Ustaz, kamar yadda ake kiran ku a harabar kotu. Shawarata ita ce ka tsaya, amma kujerar sakatare za ka nema. Shugaba shi ne fuskar ƙungiya, shi ake tura wa gaban babban alƙali ko shugaban niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, idan magana ta yi tsami, kuma a wannan sana'a taku ana duba furfura da yawan shekarun lasisi kafin a saurari hujja, ko da ba a faɗa da baki ba. Mai shekara 9 a aiki zai sha wahala kafin a buɗe masa wasu ƙofofin. Sakatare kuwa shi ke riƙe da rajistar membobi, shi ke rubuta abin da aka yanke a taro, shi ke aika takardu ya kuma bi sawunsu, kuma duk ƙungiyar da na gani ta mutu, daga teburin sakatarenta ta fara mutuwa, tun shugabanta yana ta jawabi bai sani ba.

Ya kamata ka san nauyin kujerar da kake dosa, domin a Sudan ƙungiyar lauyoyi ba ta taɓa zama wurin shan shayi da gaisuwar juna kawai ba. A watan Oktoba na 1964, bayan an kashe ɗalibin jami'ar Hartum Ahmad al-Ƙurashi, lauyoyi da alƙalai suna sahun gaba na masu sana'o'in da suka haɗa kai har mulkin Janar Ibrahim Abbud ya faɗi. A watan Afrilu na 1985 ma ƙungiyar lauyoyi tana cikin waɗanda suka shiga yajin aikin da ya kawo ƙarshen mulkin Ja'afar Numeiri. Saboda haka babu mamaki da sojojin da suka karɓi mulki ranar 30 ga Yuni 1989 suka rushe ƙungiyoyin ma'aikata da na masu sana'a tun da farar safiya. A watan Disamba na 2014 aka kama Faruk Abu Isa, wanda ya daɗe yana babban sakataren Tarayyar Lauyoyin Larabawa, tare da Dakta Amin Makki Madani, bayan sun sa hannu a wata yarjejeniyar 'yan adawa a Addis Ababa, ba a kuma sake su ba sai cikin Afrilu na 2015. Bayan faɗuwar Umar al-Bashir a 2019 aka sauke shugabannin ƙungiyoyin da aka zaɓa a zamaninsa, aka naɗa wa lauyoyi kwamitin riƙo, kuma wannan kwamiti ne ya fitar da daftarin tsarin mulkin riƙon ƙwarya a 2022, shekarar da ba ta ƙare ba sai da ɓangarori biyu na lauyoyi suka shiga jayayya a kan wanda ke da ikon riƙe gidan ƙungiyar a Hartum. Na kawo wannan tarihi ne don ka gane cewa ƙungiyarku, komai ƙanƙantarta, ta gaji wannan suna. Hukuma za ta sa mata ido, 'yan siyasa kuma za su so ta zama tasu, kuma wanda ke riƙe da hatiminta shi za a fara nema ta kowane ɓangare.

Kafin ka gaya wa kowa ka amince, ka nemi tsarin mulkin ƙungiyar ka karanta shi kamar yadda kake karanta takardar tuhuma, kana neman inda ta yi rauni. Ka duba sharuɗɗan ɗan takara, da yawan mutanen da za su sa maka hannu, da adadin da dole ya halarta kafin babban taro ya zauna, da wanda ke naɗa kwamitin zaɓe. Abin da ya fi duk waɗannan a halin da kuke ciki shi ne rajista. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman bayan faɗuwar garin Wad Madani a Disamba na 2023, Gadarif ta karɓi mutane masu yawa, cikinsu har da lauyoyin da suka bar ofisoshinsu da littattafansu suka zo suna tsayawa a kotunanku. Wasu sun koma, wasu sun zauna. Shin suna da ƙuri'a? Wanda ya kasa biyan kuɗin ƙungiya saboda gudun hijira ya cinye abin hannunsa, an cire shi ke nan? Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka matsa a yanke wannan magana a rubuce, a kafe sunaye kowa ya gani, tun kafin a san wanda hukuncin zai amfana. Ra'ayina shi ne duk wanda ke shiga kotu tare da ku yana kare mutane ya cancanci a ji muryarsa, ko da kana zaton ba kai zai zaɓa ba. Zaɓen da aka ci da rufe wa baƙi ƙofa yakan bar sakatare da rabin ƙungiya.

Sai maganar dattawa, wadda na fi so mu tsaya a kanta. Murnarsu tana da tushe. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa, daga alhazan da suka yada zango a hanyar Makka zuwa jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, amma har yau akwai masu yi mana kallon baƙi, kuma rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a wajajen Damazin da Rusairis a watan Yuli na 2022 bai bar zukatan mutane ba. Wanda ya ga wannan, in ya ga ɗansa zai hau kujera, dole ya yi farin ciki. Sai dai dattawan unguwa ba su da ƙuri'a ko ɗaya a akwatinku. Masu ƙuri'a lauyoyi ne daga kabilu daban-daban, kuma ranar da aka ji cewa kai ɗan takarar Hausawa ne, kowa zai waiwaya ya nemi nasa, ka kuwa san lissafin ba zai yi maka kyau ba. Ko da ma ka ci a haka, za ka zama sakataren da duk takardar da ya rubuta sai an tambayi wa yake yi wa aiki. Ka je ka gaishe su, ka roƙi addu'arsu, ka kuma roƙe su cikin ladabi su bar zancen gudummawa da taron goyon baya.

Wannan ba yana nufin ka ajiye Hausancinka a bakin ƙofa ba. Akwai abin da ka sani wanda da yawa daga abokan takararka ba su sani ba, wato halin da mutum ke shiga idan ana yi masa tambayoyi da Larabcin da yake ji sama-sama, ya gyaɗa kai don girmama hukuma, a rubuta cewa ya amsa laifi. Tsohuwa Bahaushiya daga ƙauye ta san wannan, makiyayi mai Fillanci ya san shi, haka mai jin harshen Beja, haka kuma 'yan gudun hijirar Habasha da aka sauke a sansanin Um Rakuba tun ƙarshen 2020. Idan ka ce ƙungiya za ta tanadi jerin tafintoci amintattu na kowane harshe da ake ji a jihar, kuma membobi za su riƙa neman a rubuta a cikin fayil cewa an yi tafinta ko ba a yi ba, ka kawo abin da ya fito daga gidanku amma ya shafi kowa.

Sauran alkawuranka su zama kaɗan, kuma irin waɗanda za a iya ƙirgawa bayan shekara. Dokar tafiyar da shari'un laifi ta 1991 ta tanadi a naɗa wa mara hali lauya a kan kuɗin hukuma idan laifin da ake tuhumarsa da shi mai nauyin hukunci ne, kamar kisa ko yanke gaɓa ko ɗauri mai tsawo, amma kai ka fi ni sanin yadda tanadin takarda yake nesa da ɗakin tsare mutane. Tun da aka fara yaƙi kuma an gurfanar da mutane da dama a ƙarƙashin sashe na 50 da na 51 na dokar laifuka ta 1991, waɗanda suka shafi rushe tsarin mulki da yaƙar ƙasa, kuma hukuncinsu yana iya kai wa ga kisa. Irin waɗannan shari'u lauya ɗaya yakan ji tsoron ɗaukarsu shi kaɗai. Ka kawo tsarin karɓa-karɓa, ta yadda kowane memba zai san makonsa, kuma babbar shari'a ta zama ta ƙungiya, sunaye da yawa a kan takarda ɗaya. Ka faɗi abin da za a yi cikin yini guda idan aka tsare wani memba: wa zai je niyaba, wa zai je gidansa, wa zai riƙe shari'unsa kada mutanensa su tozarta. Ka kuma yi alkawarin karanta lissafin kuɗi tare da ma'aji a kowane taro.

Neman ƙuri'ar kuwa da ƙafa ake yin sa. Ka fara da waɗanda suka girme ka, ka same su a ofisoshinsu ɗaya bayan ɗaya, ka nemi shawararsu kafin ka nemi goyon bayansu, domin babba yakan yafe wa wanda ya kayar da ɗan takararsa amma da wuya ya yafe wa wanda ya ji labarin takararsa a bakin wani. Matasa kuma ka same su inda suke zama wajen mai shayin bakin kotu. Kada ka ɓata abokin takararka, saboda gobe kuna iya tsayawa tare a kan wanda ake tuhuma guda.

Game da iyali da ofis, gaskiya ita ce kuɗin shigarka zai ragu, kuma babba juji ne, kowa da sharar da zai kawo maka, har da ta tsakar dare. Ka zauna da uwargida ka faɗa mata haka ba tare da ƙawata magana ba, ka kuma samu abokin aiki da zai riƙa tsaya maka a zaman kotun da ya ci karo da aikin ƙungiya. In ta ƙi, ko ba ka sami wanda zai riƙe maka ofis ba, ka jira zagaye na gaba.

TAMBAYA

Malam, ni lauya ce a Kasala, ina neman kujerar ma'aji a wata ƙungiya irin wannan. Wani attajiri da na taɓa kare ɗansa ya ce zai biya kuɗin buga takardu da na walimar da za a yi wa membobi, kuma ya rantse ba ya neman komai. Ya halatta in karɓa?

Daga wata lauya, Kasala

AMSA

Ustaza, Allah ya ba da sa'a. Ba na zargin niyyar mutumin, wataƙila godiya ce tsantsa, amma kada ki karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ke askin naki zai zo ne ranar da wani talaka da ƙungiya ta ɗauki nauyin kare shi ya zama abokin shari'ar wannan attajiri ko wani nasa. A ranar ko kin yi adalci ba za a yarda ba, domin membobi za su tuna wanda ya ciyar da su. Balle ma kujerar ma'aji kike nema, wadda jarinta duka shi ne a san daga ina kowane fam ya fito.

Ita walimar ma ki bar ta gaba ɗaya. Ƙungiyar da membobinta ke haɗuwa kullum a harabar kotu ba ta bukatar fosta ko yanka, takarda ɗaya mai ɗauke da abin da za ki yi ta isa, kuma kuɗin buga ta bai fi ƙarfin aljihunki ba. Idan attajirin yana son ya yi alheri, ki ce masa ya jira a gama zaɓe, sannan ya ba ƙungiya kyauta a fili, a karanta a taro, a ba shi rasit, a sa kuɗin a asusun tafinta ko na kuɗin motar lauyoyin da ke zuwa gidan yari. In kin ci zaɓe, ki bar shugaba ko sakatare ya sa hannu a wannan rasit ɗin, tun da ke kika taɓa yi wa gidansa aiki.