Amsa ga mai gak ɗin da ya ƙi yin 'ya'ya

Wallahi 'yar'uwa da na ga kin ce gak ɗinki, wato tsiron nan mai yaɗo ɗan'uwan garafuni, ya lulluɓe rumfa, fure na fitowa yana zubewa ba ɗa ko ɗaya, sai da raina ya sosu. Ni ma ta nan na bi.

Ki daina zuba masa taki tukuna, je ki leƙa gindin furen. Ba irin kabewa ba ne da furen mace da na namiji ke fitowa a gindi guda. Shi kowane tsiro jinsinsa ɗaya. Mace za ki ga ɗan kumburi mai ƙananan ƙayoyi a ƙasan furenta, namiji babu.

Wanda ya sayar min da iri rantsuwa ya dinga yi cewa duk mata ne. Alhali ba mahaluƙin da zai kalli ƙwallo ya gane jinsinsa, kuma ya sani! Na kankare ɓawon nan mai taurin tsiya, na jiƙa, na yi ta jira ya tsiro, rani ya zo ina sayen ruwa wajen 'yan garuwa saboda shi, maigida na ta min tsiya. Ranar da mai yi mana aikin lambu ya duba ya ce "Hajiya ai duk maza ne", zama na yi a bakin famfo na kasa magana. Da na kira mutumin, wai ƙasata ce ba kyau. Daga nan ya toshe lambata. Har yau ina ganin tallarsa, na bar shi da Allah.

In naki ma duk maza ne, nemi reshe wajen wanda macensa ta riga ta yi 'ya'ya, ki dasa, amma ki bar namiji ɗaya. Da safe ki shafo garin furen namiji da auduga ki goga a tsakiyar na macen, kar ki dogara da ƙwari.

In hunturu ya busar da shi kar ki tuge, saiwarsa na raye.

Kuma kar ki sa ran zaƙi. Ɗan'uwan garafuni ne, sai dai ba ɗaci, salam yake. Jan naman da ke manne da ƙwallon ake nema, shi mutanen Biyetnam ke dafawa da shinkafa mai danƙo ranar biki da sabuwar shekararsu. Ki sa ɗan mai in za ki dafa.

Turo hoton furen ta gefe in duba miki.