Sensar Salansa Ba A Kwance Ta Da Ƙarfin Damtse

Jiya da yamma ina wanke hannu ka tare ni da tambaya, wai yaya za ka yi da sensar oksijin, mai auna iskar da ke cikin hayaƙin salansa, ta Toyota 4Runner ɗin nan da ta ƙi kwancewa, har ka zura wa sifana fayif ka rataya a jiki amma ko gezau. Ban ce maka komai ba a lokacin, don da na ji ka ambaci fayif raina ya ɓaci. To yanzu buɗe kunnenka, yaro, sau ɗaya zan faɗa.

Da farko je ka ajiye fayif ɗin nan inda ka ɗauko shi. Ku yaran yanzu duk abin da ya ƙi motsi sai ku nemo dogon ƙarfe, kamar aikin kanikanci dambe ne. Kan sensar nan sifana lamba 22 yake ci, tiredinta, wato zaren da ake murɗa ta da shi, 18 da 1.5, siriri ne, kuma shekara da shekaru yana cikin wuta. Motar daji ta fi kowace mota wannan ciwon. Salansa ta ɗauki zafi, direba ya afka rafi da ita, ƙarfe ya tsuke, ya fito ya sake buɗewa, laka ta kwanta a gindin sensa ta bushe. Ƙara da cewa wannan motar daga Amurka ta zo ta Kwatano, can kuwa gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Kafin ta iso hannunka tsatsa ta riga ta ɗaura wa ƙarfe biyu aure.

Irin wannan motar ce ta ci mini kuɗin kayan ɗakin 'yata ta fari, shi ya sa ba na wasa da maganar.

Wani ɗan kwangila ne, yana aikin hanya can wajen tsaunin Mambila. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ne ya haɗa mu. Ɗan kwangilar ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, wutar inji ta kama a dashbod, mota tana shan mai kamar rijiya. Na jona kwamfuta ta ba ni P0031, wato hitar sensar gaba ta mutu. Injin V6 ne, 1GR, sensa huɗu gare shi, biyu a gaba biyu a baya, kuma na gaban a jikin manifol suke, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga inji, wanda indomi, matatar hayaƙin, ke haɗe a cikinsa. Riƙe wannan a ranka, nan ne kuɗin yake.

Da na shiga rami na haska tocila, sai na ga kusurwoyin kan sensar sun lashe, ga shatin haƙorin filaya, kuma ba ta zauna daidai ba, ta ɗan karkace. Na fito na ce, Alhaji, akwai wanda ya taɓa wurin nan? Ya rantse mini da Allah tun da ya sayi motar ba hannun da ya kai can. Na ce to a bar ta ta kwana in jiƙa ta da mai. Ya ce atafau gobe da hantsi yana Jalingo, ma'aikata na jiransa. Saboda kunyar dattijon nan na yarda, kuma ba kowa a wurin sai ni da Alhajin, yara sun tafi sallah.

Na gasa gindin da gas yadda ya kamata, na ja. Ta motsa kwata, ta sake cijewa. Na mayar, na sa mai, na jira, na sake. Haka muka yi ta fama har magariba. Da ta fito, sai ga tiredin manifol ya naɗe a jikinta kamar zare a mazari, ramin ya zama sumul. Ko makaho ya shafa ya san a karkace aka ɗaura ta tun farko, da ƙarfin tsiya. Na nuna masa. Na ce wannan yana da gyara, a sauke manifol, a yanke gindin da sensar ke ɗaure a ciki, a walda sabo, kwana biyu ya ishe ni, kuma ba zan karɓi kuɗin aiki ba. Mutumin nan ya tara mini jama'a. Wai lafiya lau ya kawo motarsa, na lalata masa, shi ba ya hawa mota mai faci, sabon manifol yake so. Aka kai magana gaban shugabannin gareji. Suka tambaye ni shaida, ba ni da ita. Shi ga babbar riga ga dattijo a bayansa, ni ga baƙin mai har gwiwar hannu. Aka ce in yi haƙuri in saya.

Na je Kofar Ruwa na nemo na Beljiyam mai indomi cikakke. Kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa na gado da katifa ya tafi, sai da na haɗa da babur ɗina. Biki saura sati shida. Na ɗaura masa da hannuna, kyauta. Da zai tafi sai ya ce a saka masa tsohon manifol a but, ai kayansa ne. A lokacin baƙin ciki bai bar ni na yi tunani ba. Indomin ciki lafiyarsa ƙalau, kuma kowa ya san masu saye suna bin sa saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa, su filatinom da faladiyom. Bayan kamar wata huɗu direbansa, da suka rabu, ya zo har nan ya zauna a bencin can ya faɗa mini gaskiya. Wani bakaniken bakin hanya ne ya tura sensar a karkace tun bara, a gaban idon Alhajin, kuma an kai motar gareji biyu kafin ni, duk suka ƙi taɓawa. Tsohon indomin kuwa a satin Alhajin ya sayar. Har yau in na tuna rantsuwar nan da ya yi, abinci fita kaina yake. Ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah.

Don haka kafin sifana ta taɓa sensar kowa, ka duba da ido. In ka ga kai ya lashe ko ta karkace, ɗauki wayar nan da kuke wuni kuna kallon TikTok a ciki ka ɗauki hoto, ka kira mai mota ya sunkuya ya gani, ka sa mutum biyu su tsaya. Ka gaya masa tiredi na iya biyo ta. In bai yarda ba ya ja motarsa.

Zancen ɗaga mota da cire soket ɗin waya ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma wankin fulogi. Ka kankare lakar da burushin ƙarfe har ka ga inda sensa ta haɗu da gindinta, ka fesa WD-40 a daidai nan, ka bar shi ya kwana. Mu a da man birki muke ɗigawa, yana ci, amma yana cin fenti. In sensar da za a mayar ce, kada mai ya taɓa jikinta ko wayarta, mai da silikon kashe ta suke.

Soket ɗin nan mai tsaga a gefe da kake taƙama da shi, na ɗaurawa ne. In ka matsa masa baki yake buɗewa ya lashe kan. Tunda wannan sensar ta riga ta mutu, yanke wayar, ka zura ring ko dogon soket 22 mai kusurwa shida. Mai kusurwa goma sha biyu kada ma ka kawo shi kusa.

Tayar da mota minti kaɗan salansa ta yi ɗumi, ka gwada. In ta ƙi, sai gas. Gindin da ke jikin manifol za ka gasa ya buɗe, har ya fara ja kaɗan, harshen wuta kada ya zauna kan sensar. Ka san inda layin mai da robar birki da wayoyi suka bi, ka rufe su da jiƙaƙƙen buhu, abin kashe gobara yana gefenka. Sannan ka fara ɗaure ta tukuna, ɗan kaɗan, sai ka ji ƙas, tsatsa ta karye ke nan. Bugun guduma ɗaya mai kyau a gindin sifana ya fi mutum uku a kan fayif. In ta motsa, kwata gaba, kwata baya, kana ɗiga mai. Hannunka ne zai gaya maka gaskiya: in tana fitowa tana sauƙi, ci gaba. In tana fitowa tana ƙara tauri, tsaya cak, tiredi take ci. Bar ta ta huce ka zo ka kira ni.

Bayan ta fito ka bi ramin da taf, ƙarfen gyaran tiredi, 18 da 1.5, ka shafa masa giris ya kwaso ɓarɓashi. Sabuwar, ta kamfanin Denso za a sayo, kuma ta gaba, don ta gaba da ta baya tiredinsu ɗaya amma aikinsu daban, ta baya ba ta zama a gaba ko mai shago ya rantse maka. Man jan ƙarfe, mai hana cijewa, a tiredi kawai, kada ya taɓa bakinta. Da yatsu za ka fara ɗaurawa, zagaye uku ko huɗu ba tare da sifana ba, in ta ƙi tafiya da yatsu to a karkace take. Ƙarshe ka ɗaure ta zuwa 44 Nm a sifanar awo, ba sai ka hau kai ba.

Yau ka jiƙa ta ka rufe gareji. Gobe bayan asuba ka riga ni zuwa, ka cika gas, kuma ka kira mai motar ya zo da kansa kafin mu kunna wuta.