Black Swan: Da gaske Natalie Portman ce ta yi rawar?

Tambaya: Malam, ana ta yaba mini fim ɗin Black Swan. Wai jarumar ce ta yi rawar bale ɗin da kanta? Kuma zan iya kunna wa ƙanwata 'yar shekara 12 da ke son rawa?

Amsa: Malama, kada ki kunna mata. Fim ne na manya, akwai batsa, akwai jini, kuma ya fi kusa da finafinan ban tsoro.

Darren Aronofsky ne ya ba da umarninsa, ya fito a 2010. Labarin Nina ne, 'yar rawa a wata ƙungiyar bale (rawar dandamali ta Turawa da mata ke yi a kan yatsun ƙafa) a birnin New York, da aka ba ta babban matsayi a wasan Swan Lake, wanda Tchaikovsky ya tsara kiɗansa, aka fara nuna shi a Mosko a 1877. A al'adar wasan, mace ɗaya ce ke taka rawa biyu: Odette, farar tsuntsuwa mai kunya, da Odile, baƙar mai yaudara. Nina ta iya ta farko, ta biyun ta gagare ta. Ga uwa ta hana ta sakat, ga mai horarwa yana matsa mata, ga sabuwar 'yar rawa Lily da take ganin za ta ƙwace mata wuri. A hankali ƙwaƙwalwarta ta fara juyewa, har mai kallo ya kasa raba gaskiya da gizo.

Batun rawar kuwa, an yi cacar baki. Portman, wadda ta fito a matsayin Nina, ta yi kusan shekara tana atisaye, ta rame, ta kuma ci kyautar Oscar a 2011. Bayan nan Sarah Lane, ƙwararriyar 'yar rawa daga ƙungiyar American Ballet Theatre, ta fito ta ce mafi yawan wuraren da ake ganin jiki gaba ɗaya ita ce, an ɗora fuskar Portman da kwamfuta. Aronofsky ya musanta, ya ce cikin hotunan rawa 139, guda 111 na Portman ne.

A ganina kowa da gaskiyarsa. Fuska da hannuwa na Portman ne, kuma su kamara ta fi bi. Amma jujjuyawa a kan yatsun ƙafa ɗaya, irin wadda Odile ke yi sau 32 a jere a dandamali, sai wadda ta faro tun tana ƙarama ta shafe shekaru goma ko fiye tana horo. Shekara ɗaya ba ta bayar da wannan.