Ku Tambaya: Rangwamen tsohuwar kwastoma a tafiyar Umara, in amsa ko in bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni daga Ƙofar Ƙaura nike nan cikin Katsina, sau biyu ina zuwa Umara a rukuni da wani kamfani, to bana sun kira ni wai na zama tsohuwar kwastoma za su rage mani naira dubu 200, kuma in na kawo masu mutum goma kujerata kyauta ce. Matan Islamiyyarmu har shidda sun ce za su bi ni, ga Inna ma ina so in kai ta. Abin da ke sa ni ɗar-ɗar, zuwan ƙarshe otal ɗin da suka aje mu a Makka ya yi nisa sosai, kuma malamin da ya raka mu sai da muka kwana biyu ba mu sa shi a ido ba. In amsa ko in bari?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Rangwame ba laifi ba ne, ko mai shago a Babbar Kasuwa yana yi ma wanda ya saba da shi gyara. Amma ki duba da kyau abu biyu suka miƙo maki ba ɗaya ba. Dubu 200 ɗin nan ladar dawowarki ce, ita kuwa kujerar kyauta ladar dillanci ce, kuma ranar da aka bar matan nan a titi da akwatuna ba lambar manaja za su kira ba, ke za su kira, mazajensu ma ƙofar gidanku za su yi sallama. Wannan shi ya fi tsaya mani a rai wallahi.

Ni ma ya taɓa cin ni. Wani kamfani da ba zan kama suna ba ya rage mana kuɗi saboda mun taɓa bin su, muna ta murna, ashe a otal suka fanshe, aka kai mu can bayan gari inda sai an jira bas kafin a je Harami. Akwai wata tsohuwa a ɗakinmu da ta rasa bas ɗin komawa bayan Isha'i, ba ta jin Larabci, ba ta san sunan otal ba, wayarta ba layi, abin da ya cece ta ɗan katin otal ne da wata yarinya ta soka mata cikin jakar wuya tun ranar da muka sauka, shi ta miƙa ma ɗan sanda. Shi kuwa jagoran namu yana kasuwa yana sarin jallabiya.

To kafin ki ce ma kowa ya kawo kuɗinsa, ki je ofis ɗin da ƙafarki ki ce su nuna maki lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, na bana, don ita ke ba kamfanonin jiragen yawo izinin aikin Hajji da Umara, takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da suke mannawa a bango ba ita ba ce. Su rubuta maki sunan otal na Makka da na Madina, mutum nawa a ɗaki, wane jirgi, ranar dawowa, wa zai raka ku kuma mutum nawa ke hannunsa, sannan shi kansa rangwamen a rubuta shi a rasit. Kuɗi kuma kowace ta tura da kanta asusun kamfani, kar ki yarda su bi ta hannunki. Ki tambayi irin bizar da za a yi maku, ki gan ta da idonki kafin ranar tashi, kuma duk wanda ya ce ku laɓe da bizar Umara ko ta ziyara har ku yi Hajji ki guje shi, a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu a tsananin zafi, kuma Saudiyya ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin, ba tanti ba mota.

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shidda, a yi allurar sanƙarau kwana goma ko fiye kafin tafiya, ga katin allurar cutar shawara. Inna in tana shan maganin hawan jini ko suga a tafi da shi cikin kwalinsa da takardar likita.

Sai maganar kaya, ita kam ba sani ba sabo. Kar wadda ta karɓi saƙon kowa, ko ƙullin yaji ne, goro ma an hana. Kin tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya ƙarshen 2018 saboda wata jaka mai tramadol da aka liƙa ma sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ku ƙirga jakunkunanku a wajen awo, ku ƙirga 'yan takardun da aka liƙa maku, in jaka biyu ce takarda biyu.

In daga Kano za ku tashi ki matsa a bar Katsina da rana tsaka ko da safe, a bi ta Kankiya da Bichi ido na ganin ido, gara a kwana Kano da a yi tafiyar dare. Haka can ma, Makka zuwa Madina wajen kilomita 450 ne, ki ji ko bas ne ko jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, in bas ne a san ƙarfe nawa za a tashi. In sun amsa duk wannan a rubuce ki karɓi rangwamenki ki kai Inna. Kujerar kyautar kuwa ni dai da zan faɗa ma matan gaskiya cewa ana ba ni ita saboda su. In suka fara "haba Hajiya ai mun zama ɗaya" suna kauce ma takarda, ki nemi wani kamfanin.

TAMBAYA: Anti ni ɗan kasuwa ne a Daura, ina bin rukuni zuwa Alƙahira da Dubai, an ce akwai makin da jirgi ke tara ma mutum har ya samu tikiti kyauta, ni ban taɓa gani ba, ko ejan ne ke cinyewa?

AMSA: Alhaji kar ka ɗauki alhakin ejan tukuna, makin nan na wanda ya hau jirgi ne, amma sai ka yi rajista da kanka, kyauta ce, da sunanka daidai yadda yake a fasfo. Ethiopian sunan tsarin makin nasu ShebaMiles, Saudia nasu AlFursan, kuma EgyptAir da Ethiopian da Turkish duk 'yan ƙungiyar Star Alliance ne, lamba ɗaya na iya tara maka a ukun. Sai dai tikitin rukuni mai araha wani kaɗan yake badawa wani ma ba ya bada komai, kuma makin na mutuwa in ya daɗe ba a taɓa shi ba. Ka ba ejan lambarka ya saka tun wajen yankan tikiti, ka kuma adana takardar shiga jirgi har sai ka ga makin ya faɗo.