Tambaya da Amsa: Kiɗan Bulugiras da Jitar Ƙarfe

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Zariya suka fito, kuma duk a kan jitar da ake kwantarwa bisa cinya ana goga mata ƙarfe. Mun zaɓi biyar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina ganin bidiyon Amurkawa masu kiɗan bulugiras, ɗaya a cikinsu ya kwantar da jita mai faifan ƙarfe a ciki. Ita ce irin wadda ake ji a kiɗan Sunny Ade? Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gida ɗaya suka fito, amma ba ita ba ce. Asalin goga ƙarfe a kan tsirkiya daga tsibiran Hawayi yake, kuma Joseph Kekuku ne ake dangantawa da ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 19. Wadda ka ji a kiɗan juju, irin ta Demola Adepoju a ƙungiyar King Sunny Ade, mai wuta ce, tana tsaye a kan ƙafafu kamar tebur, tana da feda da ake takawa. Wadda ka gani a bidiyo kuwa ba ta shan wuta. Ana ce mata Dobro, sunan kamfanin da 'yan'uwan gidan Dopyera suka kafa a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1920. A cikinta akwai faifan alminiyam mai siffar mazurari, faɗinsa inci goma da rabi, shi ke ƙara mata murya.

Bulugiras ya samo suna daga Blue Grass Boys, ƙungiyar Bill Monroe, mutumin jihar Kentaki, kuma salon ya zauna da gindinsa a 1945 lokacin da Earl Scruggs mai banjo (abin kiɗa mai tsirkiya da fuskar fata kamar gurmi) da Lester Flatt suka shiga ƙungiyar. Dobro ta shigo daga baya, a 1955, da Josh Graves ya koma wurin Flatt da Scruggs, waɗanda a lokacin suna da tasu ƙungiyar. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko kiɗan yatsu uku na banjo ya ɗora a kan jitar ƙarfe. Ka riƙe wannan, domin duk amsoshin da ke ƙasa a kansa suke tafiya: a bulugiras hannun dama ne ke jan ragama, ƙarfen yana biye.

TAMBAYA: Malam, ba ni da halin sayen Dobro, ban ma taɓa ganin ta a shago ba. Ina da jitar katako ta gwanjo. Zan iya mai da ita? Daga mai karatu, Tudun Wada.

AMSA: Za ka iya, kuma da yawa da haka suka fara. Abu uku za ka gyara: tsayin tsirkiya, ɗaurinta, da ƙarfen hannu.

Fara da matashin da tsirkiyoyi ke hawa a kusa da kan jitar. Dole su tashi daga wuyan jitar kamar milimita 9 zuwa 10, don kada ƙarfe ya danna su su taɓa firet, wato ƙarafan nan da aka gitta a wuya. Ana sayar da ɗan murfin ƙarfe da ake kifawa a kan tsohon matashin, amma idan babu, ƙashin ƙafar saniya daga wurin mahauta ya wadatar. A dafa shi sosai har maiƙon ya fita, a shanya, a yanka daidai faɗin wuyan, a goge da samfefa. Wurin da kowa ke kuskure shi ne yankan ramukan tsirkiya. Saman tsirkiyoyin shida ne ya kamata ya zama layi ɗaya, ba ƙasansu ba. Ke nan ramin mai kauri zai fi zurfi, na siririya kuwa ɗan tsaga ne kawai. Ka ɗora rula a kansu ka duba. Duk wadda ba ta taɓa rular ba, za ta riƙa zizar ƙudan zuma a ƙarƙashin ƙarfe, kuma babu dannawar da za ta hana.

Sai ɗauri. Masu Dobro suna ɗaure ta G, B, D, G, B, D daga mai kauri zuwa siririya, wato do, mi, so sau biyu ga waɗanda suka koyi kiɗa a coci. Kada ka yi haka a jitar katako ta yau da kullum. Wannan ɗaurin yana ja da tsirkiya ta shida sama daga E zuwa G, ta biyar daga A zuwa B. Dobro tana jure shi ne saboda wuyanta katako ne mai kauri mai kusurwa huɗu. Taka kuwa wuyanta zai lanƙwasa, ko jakin ya ɗago daga fuskar jitar. Ka yi amfani da D, G, D, G, B, D: ta shida ta sauko zuwa D, ta biyar zuwa G, ta ɗaya zuwa D, sauran ukun su zauna inda suke. Tsirkiyoyi huɗu na sirara sun zo daidai da na Dobro, kuma kusan duk aikin mai koyo a kansu yake.

Ta ɗayan za ta yi sako-sako idan mai lamba 12 ce, wato lambar kaurin tsirkiya. Cire ta ka sa mai lamba 16, wadda ita ce ta biyu a yawancin fakitin da ake sayarwa, ta biyun kuma ka nemi 17 ko 18. Cikakken jerin Dobro shi ne 16, 18, 28, 36, 46, 56.

Ƙarfen hannu yana son nauyi da santsi. Masu bulugiras sun fi son mai kwarmi a gefe da sama, irin wanda ake kira Stevens, saboda yana ɗaguwa da sauri. Kafin ka samu, je wurin masu sayar da kayan kanikanci a Sabon Gari ka nemi dogon sokat na kwance fulogi, mai sheƙi wanda bai karce ba. Ko ka kai sandar ƙarfen da ba ya tsatsa wurin masu injin fere ƙarfe, kauri milimita 19, tsawo santimita 7 zuwa 7 da rabi, su zagaye baki ɗaya su goge shi har ya yi kamar madubi. Kwalba ba ta da nauyin da ake bukata, muryar za ta fito siririya ta mutu da wuri.

TAMBAYA: Na yi wata uku ina koyo. Abokaina sun ce kiɗana kamar kukan mage, kuma ni ma ina jin sautin ba ya zama daidai. Ina matsalar take? Daga wata 'yar'uwa, Wusasa.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki karaya, wannan ciwon kowane mai koyo ne kuma yana da magani. Sanadinsa huɗu ne, kuma sau da yawa suna haɗuwa.

Na farko, mazaunin ƙarfe. Wanda ya saba da jitar yatsa yana danna bayan firet. A nan ƙarfen ne firet ɗin, don haka dole ya tsaya daidai saman layin. Matsalar ita ce idonki yana kallo daga gefe, sai ki ga kamar kin kai alhali kin gaza. Ga gwaji: buga ta huɗu a sake, wato ba ƙarfe a kanta, ki bar ta tana ƙara, sannan ki kai bakin ƙarfe firet na 12 a kan ta ɗaya. Idan kin ji sautin biyu suna kaɗawa kamar suna faɗa, matsa kaɗan har kaɗawar ta lafa. Nan ne wurin. Mai goge ba shi da firet ko ɗaya amma yana samun muryarsa, domin kunnensa ya horu. Ke ma kunnen za ki horar, layin ido ne kawai yake taimaka wa.

Na biyu, ƙarfen ya karkace ba ki sani ba. Yayin da hannu ke tafiya zuwa wajen cikin jitar, gwiwar hannu takan manne da haƙarƙari, sai bakin ƙarfe ya juya. Ki bar dukan hannun ya yi tafiya daga kafaɗa, ƙarfen ya zauna a miƙe daidai da firet.

Na uku, yatsun baya. Ɗan yatsa na huɗu da ƙaramin su kwanta a kan tsirkiyoyi a bayan ƙarfe, ta wajen kai, kullum. Idan suka tashi, ɓangaren tsirkiyar da ke baya zai yi nasa kukan daban. Su ne kuma ke kashe sauti idan kika ɗaga ƙarfe.

Na huɗu shi ne ainihin kukan magen: zamewa zuwa kowane sauti. Zamiya tana da daɗi, shi ya sa mai koyo ba ya iya barin ta. Amma a bulugiras yawancin sautuka gajeru ne, a tsaye, kowanne da bakinsa. Ki ɗaga ƙarfe, yatsun baya su kashe, ki sauke a sabon wuri, sannan ki buga. Ki ajiye zamiya don farkon jimla ko ƙarshenta, kamar yaji a miya. Rawar ƙarfe ma haka, sai a dogon sauti, kuma bayan kin tabbata kin tsaya daidai, domin mutane da yawa suna rawar ne don su ɓoye cewa ba su kai wurin ba.

Wani abu kuma: idan manhajar saiti ta ce B ta yi daidai amma kunnenki ya ji ta ɗan haura, kunnen ne da gaskiya. Masu Dobro da yawa suna sassauta B kaɗan ƙwarai har ta kwanta lafiya tsakanin G da D.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, muna da 'yar ƙungiya: jita biyu, bes, da ni mai ƙaramar jitar cinya ta wuta mai tsirkiya shida. Yaya zan sa ta yi kama da bulugiras, kuma me zan yi lokacin da wani ke waƙa? Daga wani makaɗi, Kongo.

AMSA: Tare da naka ran. Tunda gangar jikinta katako ne cikakke ba rami, za ta ɗauki G, B, D, G, B, D da jerin tsirkiyoyin da muka ambata. Rage amsa-kuwwa a amfilifaya har kusan ƙarshe. Jitar wuta tana riƙe sauti ya daɗe, bulugiras kuwa yana son ya mutu da wuri, don haka gefen tafin hannun dama ya riƙa sauka a kan tsirkiya tsakanin bugu da bugu.

Ka sa farce uku: na roba a babban yatsa, na ƙarfe biyu a manuni da na tsakiya. Harshen na ƙarfen yana rufe tsokar yatsa ne, ba saman farcenka ba. Matse su da filaya har su daina juyawa.

Darasin farko shi ne birgima. Babban yatsa a ta uku, manuni a ta biyu, na tsakiya a ta ɗaya. Ka buga 3, 2, 1, 3, 2, 1, 3, 1. Bugu takwas ke nan, sun rabu uku, uku, biyu, kuma wannan rabon ne ke ba kiɗan tunkuɗar da kake ji. Duk takwas ɗin su zama tazara ɗaya. Sa manhajar ƙidayar bugu a bugu 60 a minti, sauti biyu a kowane bugu, minti goma kullum. Kada ka ƙara sauri sai ka yi minti biyu cur ba tuntuɓe, sannan ka ƙara 4 ko 5. Mai gaggawa yakan ƙare da babban yatsa mai ƙarfi da manuni mai raɗa.

Kod uku, wato sautukan da ake bugawa tare, za su kai ka nesa: G a sake ko firet na 12, C a na 5, D a na 7. Idan waƙa ta shiga kod ɗin Em, buga ta uku da ta biyu kawai a sake ko a firet na 12, mai bes zai ba da E. Kod ɗin Am kuma waɗannan biyun a firet na 5. Don gudu, karkata ƙarfen bakinsa kaɗai ya taɓa tsirkiya ɗaya: buga ta huɗu a sake ka sauke bakin a firet na 2, ko ka buga ta ɗaya a firet na 2 ka fizge ƙarfen wajenka ta koma sake. Bugu ɗaya, sauti biyu.

Lokacin waƙa, bulugiras ba shi da ganga, don haka kowa na ɗauke da nauyin lokaci. Mai bes yana bugawa a bugu na ɗaya da na uku, kai ka sara a na biyu da na huɗu: ƙarfe a kan kod, ka bugi tsirkiya uku tare, nan take ka sassauta ƙarfen yatsun baya su kashe. Kada ka bi muryar mai waƙa sauti da sauti, domin jitar ƙarfe tana zaune a inda muryar mutum take, za ku yi ta karo. Jira ya ja numfashi a ƙarshen layi, ka cike gurbin da sauti uku ko huɗu, ka koma sara. Kamar 'yan amshi ne, ba sa hawa kan maganar uban kiɗi.

TAMBAYA: Yayana ya aiko mini da Dobro daga Ingila. Tun da hunturu ya shigo take ƙara kamar gwangwani. Ta lalace ne? Daga mai karatu, Hanwa.

AMSA: Da wuya. Busasshiyar iskar Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana tsotse katako, sai sukurori su yi sako-sako. Bi na murfin ƙarfen da na kan jitar ɗaya bayan ɗaya da sukundireba, ka matse su a hankali. Idan ƙarar ba ta tafi ba, duba ramin da ke tsakiyar murfin, tsakanin ta uku da ta huɗu. A can akwai sukurun da ya haɗa faifan alminiyam da gizo-gizon ƙarfe mai ƙafa takwas da ke ɗauke da jaki. Kwance shi har ya saki, mayar har ka ji ya fara kamawa, sannan ka ƙara rabin juyi zuwa juyi ɗaya. Kada ka wuce haka. Faifan siriri ne ƙwarai, matsewa da yawa tana shaƙe murya, tana ma iya lotsa shi har abada.

In za ka canza tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, domin nauyinsu ne ke riƙe faifan a mazauninsa. Kada ka bar ta a mota ko jikin taga. Ajiye ta a akwatinta, ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai a cikin robar sabulu mai huji, ka sanya wajen kan jitar inda ba zai taɓa katako ko ƙarfe ba. A tsakiyar hunturu ka duba soson duk bayan kwana biyu, da damina ta sauka kuma ka cire shi gaba ɗaya don kada murfin ya yi tsatsa.