Yadda muke tallabar yaron da karatu ya bari a baya a Yamai

Yaya, gaskiya ne abin da ka ji, yaranmu na nan Yamai ko da hutun damina suna zuwa makaranta, shi ya sa suka rage zuwa muku Katsina. Kada ka ɗauka tsananin iyaye ne. Akwai ramin da muke ƙoƙarin cikewa, kuma sai ka san yadda lakwal, wato makarantar boko, take a nan kafin ka gane shi.

Firamare shekara 6 ce kamar taku, daga CI (aji ɗaya) zuwa CM2 (aji shida). Sai koleji, wato ƙaramar sakandare, shekara 4, a ƙarshenta a zana jarrabawar BEPC. Ana komawa a watan Oktoba, a tashi wajen ƙarshen Yuni. Matsalar tana farawa tun ranar farko. Yaro ya tashi da Hausa a gida, yana jin Zabarmanci a unguwa, sai ya shiga aji mushe, wato malami, ya tarbe shi da Faransanci. Yara suna da kai, nan da nan za su haddace abin da ke allo, su rera shi da murya ɗaya, su kwafe shi tsaf a littafi. Uba ya duba ya ga rubutu mai kyau, hankalinsa ya kwanta. Sai yaro ya kai CE2 (aji huɗu) a gane bai iya haɗa baƙi ya karanta jimla shi kaɗai ba. Ga cunkoso, ga azuzuwan zana da ba a kafa su sai an samu kara bayan girbi, wato wasu yaran sun yi asarar makonni tun shekara ba ta miƙa ba.

Don haka Agusta da Satumba muke sa su darasin hutu. Malamai ne ke buɗe shi a makarantun unguwa da safe, a biya su abin da ya sawwaƙa. Amma iri biyu ne, kuma ɗaya ba na ganin amfaninsa. Wani malamin littafin ajin gaba zai ɗauko ya fara, don iyaye su ji daɗi wai ɗansu ya riga 'yan ajinsu. Wanda bai iya karatu ba me zai tsinta a nan? Daidai yake da ɗora bene a kan ginin da ba tushe. Malamin da nake nema shi ne wanda zai gwada yaro tukuna, ya mayar da shi inda ya tsaya, ko da aji biyu ne a baya, bai ji kunyar iyaye ba. Ni ma a gida gwajina ɗaya ne: in ba yaro littafin ƙannensa ya karanta shafi guda, sannan ya faɗa mini da Hausa abin da aka ce. In ya kasa, ban damu da makin da ya kawo ba.

Shiga koleji shi ne wani wurin faɗuwa. Wanda ya saba da malami ɗaya sai ya tarar kowane darasi da malaminsa, ga Turancin Ingilishi an ƙaro, kuma wanda bai kai 10 bisa 20 ba a ƙarshen shekara yana iya maimaita aji. A nan ne masu hali ke ɗauko ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni su riƙa zuwa gida da yamma. Mu marasa ƙarfi haɗa kai muke yi, gida uku ko huɗu mu biya ɗalibi ɗaya. In ka zaga unguwar Bukoki bayan isha za ka ga bangon da aka shafe da baƙin fenti, samari sun kewaye shi da alli suna lissafi a hasken fitila.

Abin da ya fi shafar jama'armu shi ne yaron da ya girma bai taɓa shiga lakwal ba, ko wanda aka kawo daga gida Najeriya, ko daga makarantar allo. Akwai ajin gada da ake kira passerelle, na 'yan shekara 8 zuwa 12. Wata 9 ake yi: wata 2 na farko da harshen gida ake koya musu karatu da rubutu, sauran 7 a juya zuwa Faransanci, sannan a gwada su a sa kowa ajin da ya dace da shi a firamare. A Mali aka fara tsarin a 2004 kafin ya iso nan. Na ga yaran da suka bi ta nan sun kamo waɗanda suka riga su da shekaru, kuma ina da yaƙinin wata biyun nan ne sirrin. Nijar ta daɗe da sanin haka, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa, muna fatan abin ya sauko har cikin aji.

Kowace makaranta tana da kwamitin iyaye da malamai, kuma ba ma barin kujerarmu a ciki, domin can ake yanke shawarar darasin ƙari da kuɗin alli.

Game da ɗanka da kake tunanin turo mana, ka turo shi a Yuli, kada ka jira Oktoba. Ka kuma shirya masa zuciya cewa zai zauna da waɗanda ya girma na ɗan lokaci. Ka haɗo da takardar haihuwarsa da sakamakon makarantarsa, za a nema wajen rajista.